Roadmaster ɗin marigayi Baba: in yanka shi ya koma kafe resa, ko in ƙyale shi?

Dan_Kwarbai:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da ɗaci.

Akwai Honda Roadmaster na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a soron gidanmu a cikin birni. A 1982 ya saye shi sabo dal da bashin babur, lokacin yana aiki a Reluwe. Tun da ƙafa ta fara damunsa ya jingine shi, yau ya fi shekara tara lulluɓe da tsohuwar tabarma, har kajin Inna sun mai da ƙarƙashinsa akurki. Jiya na turo shi tsakar gida na wanke. Tayoyi sun tsattsage, ɓeraye sun cinye soson sit, salansar hagu ta huje ta ƙasa, cikin tanki kuwa ja wur da tsatsa. Amma da na taka kik na ji inji yana juyawa, bai kame ba, har yana ɗan turo ƙafa.

Abin da ke raina shi ne in mai da shi irin babur ɗin nan da ake ce wa kafe resa. A yanke bayan, a sa sit na mutum ɗaya mai tozo, a saukar da kai ƙasa, a cire madigadi da kwanon sarƙa da duk wani nauyi. Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan aiki a nan Zariya? Da me ake farawa?

NaGyallesu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Amma ɗan'uwa, Roadmaster za ka sa wa giranda, injin yankan ƙarfe? Innalillahi.

OgaSifana:
Allah ya gafarta masa. Shekarata ashirin da ɗoriya ina gyaran mashin a Sabon Gari, don haka ka ji wannan: kada ka yanke ko kusa ɗaya sai inji ya tashi. Na sha ganin yara sun fara da yanka da fenti, kuɗi ya ƙare, da aka zo kan inji aka tarar fiston ya ci bulok, kayan kuma babu su a kasuwa. Mashin ya tafi wajen 'yan gwangwan da sabon fentinsa yana sheƙi.

Ka juye tsohon baƙin mai a kwano mai haske ka duba ko akwai garin ƙarfe a ciki. Ka cire fulogi biyun, ka ɗiga ɗan mai a ramukan, ka bar shi ya kwana. Kabureta ɗaya ce take ciyar da silinda biyun, a kwance ta a wanke sosai, don man da ya yi shekara tara a ciki ya riga ya zama ƙaro. Kada ka ba shi mai daga tankin nan mai tsatsa, ka rataya gora da tiyo ka ba shi daga nan. In ya tashi, ka kasa kunne a kan injin. Taimin cen, wato sarƙar da ke cikin injin, idan ya saki za ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Sai ka dawo ka ba mu labari, sannan a yi maganar yanka.

Bakano_Mai_Kaya:
Zagezagi ke nan. Dattijon babur yana hutawarsa, za a yi masa kaciya da tsufa. Ku kawo shi Kano mu saya, mun san darajarsa.

NaGyallesu:
Bakano ko makara ya gani sai ya taya.

Dalibi_Kongo:
Ku yi haƙuri da jahilcina. Mene ne kafe resa ɗin? Kamfani ne?

Injiniya_Samaru:
Ba kamfani ba ne, salon gyara ne. A Ingila abin ya samo asali, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa cikin na 1960. Samari masu babura ne suke taruwa a gidajen shan shayi na bakin titi. Wanda ya fi suna a ciki shi ne Ace Cafe da ke kan titin North Circular a Landan, wanda aka buɗe tun 1938. Ba su da kuɗin babur ɗin tsere na gaske, sai su ɗauki na kasuwa su rage masa kaya ya yi kama da na filin tsere: hannuwa a ƙasa don mahayi ya kwanta a kan tanki iska ba ta tare shi ba, matakin ƙafa a baya, sit na mutum ɗaya da tozo don kada ya zame. Burin kowa ya kai mil 100 a awa, kusan kilomita 160 ke nan. Haɗin da ya fi shahara a wajensu shi ne Triton, wato injin Triumph a cikin firam ɗin Norton, saboda wancan injin suka fi so, wannan firam ɗin kuma ya fi zama daram a kwana. Sunan da kansa ma'anarsa ke nan, babur ɗin tsere daga wannan mai shayi zuwa wancan.

To Dan_Kwarbai, ga inda gizo ke saƙar. Injinan da waɗancan suke amfani da su girmansu cc 500 ne zuwa 650. Naka 194 ne, giya huɗu, birkin durom gaba da baya. Honda ba don gudu ta ƙera shi ba. Don ma'aikaci ta yi shi, ya je ofis ya dawo baƙin mai bai taɓa masa wando ba, shi ya sa aka rufe sarƙar ruf aka yi masa manyan madigadi. Ko ka fige shi kamar kaza ba zai ga 160 ba. Idan siffa kake so, wannan magana ce daban, kuma ba laifi ba ne. Amma ka san abin da kake saye.

DanAcaba_Kwangila:
Au, ashe 'yan gangancin rakiyar amarya ne irin namu, sai dai su da rigar fata.

Dan_Kwarbai:
Injiniya na gode. Gaskiya siffar ce ta tafi da ni, ba gudun ba. Ina zan yi gudun ma, tsakanin Kofar Doka da Tudun Wada?

Malam_Na_Kusfa:
Kafin a yi nisa, ina da tambaya, kuma ba don in ɓata wa kowa rai ba. An raba gado? Domin idan ba a raba ba, babur ɗin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Mahaifiyarku tana da tumuninta a ciki, 'yan uwanka maza da mata kowa da rabonsa. Mutane suna ɗaukar irin waɗannan ƙananan kaya da wasa, agogo ne, keke ne, buta ce, wai ai na gida ne. Ranar da aka yanka kuwa ba ya komawa.

Dan_Kwarbai:
Allah ya saka da alheri Malam. An raba tun bayan arba'in. An yi wa babur ɗin kuɗi, aka sa shi a cikin rabona, kowa ya shaida. Lokacin ma babu wanda ya nuna yana so.

Malam_Na_Kusfa:
To alhamdulillahi, ta wannan fuskar ba ka da matsala.

Maman_Hanif:
Ta fuskar shari'a ba ka da matsala, amma ka gaya wa Inna? Ni ban san komai a kan inji ba, na dai san mata. Babur ɗin da aka goya ta a kai zuwa asibiti da gidan biki shekara da shekaru, ta fito tsakar gida ta tarar an guntule masa baya, ba za ta ce maka komai ba, za ta dai koma ɗaki. Sannan sit na mutum ɗaya, uwargida a ina za ta zauna? Ko a kan tozon?

Dan_Kwarbai:
Hajiya ai ban yi auren ba tukuna.

Maman_Hanif:
To ga dalili nan ya fito.

Jikan_Kufena:
Bari in shigo, tunda ni na taɓa yi, kuma na ji a jikina. Ba Roadmaster ba ne nawa, tsohon babur ne ɗan Sin mai inji irin na Honda CG 125 da na saya a hannun wani ɗan acaɓa da ya gaji da shi. Bara waccan ke nan.

Kuskurena na farko, na cire akwatin iyakilina, wato matatar iska, gaba ɗaya na ɗaura ɗan ƙaramin nan mai kamar mazubi a bakin kabureta, don a hoto ana son a riƙa hango wancan gefe ta tsakiyar babur. Ya yi kyau, ba ƙarya. Sai inji ya fara tari, in na murɗa totur ya yi kamar zai mutu kafin ya ɗauka, yana kuma zafi fiye da da. Na cire fulogi na gan shi fari fat. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Sai da aka canza jet, ɗan bututun da mai ke bi a cikin kabureta, zuwa babba, aka gwada har sau uku, kafin kan fulogin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa yadda ake so. Ina murna an gama, hunturu ya shigo. Kun san ƙurar garin nan. Kafin lokacin zafi ya kama, mashin ya fara hayaƙi, aka buɗe aka tarar ringi ya cinye. Abin nan an yi shi ne don ƙasar da ruwa ke wanke titi kullum, ba don hanyar Dan Magaji a watan Janairu ba.

Na biyu, madigadin gaba. Na cire shi. Wata Juma'a cikin damina na sa farar shadda na nufi masallaci, an ɗan yi yayyafi da safe. Kafin in isa, layin taɓo ya taso tun daga cibiya har haɓa, a miƙe kamar da rula aka ja. A sahun baya na tsaya.

Na uku, da na saukar da hannuwa ban auna ba. In na karya kai har ƙarshe, babban yatsana ne ke matsewa tsakanin hannu da tanki. Juyawa a lungu sai na sauka na ja da baya kamar mai tuƙa tirela.

Kuɗin da na tsara kuwa sai da ya ninka. Amma in ce na yi nadama, ƙarya nake. Duk inda na ajiye shi sai yara sun kewaye, har wani dattijo ya taɓa tsayar da ni a PZ yana tambaya daga wace ƙasa aka kawo shi.

OgaSifana:
Jikan_Kufena ya faɗi gaskiya a kan iyakilina. Kuma madigadin gaba ba don taɓo kawai yake ba. Shi ne yake riƙe sandunan shokazoba biyun wuri ɗaya. In ka cire shi ba ka sa wani ƙarfe a madadinsa ba, ka taka birki da ƙarfi ka ji yadda gaba ke murɗewa. A rage masa tsawo a bar gindinsa, shi ke nan.

Malam_Mai_Ritaya:
Yara, ku bar ni in ce wani abu. Lokacin da muka fara koyarwa, wanda ya hau Suzuki 100 ko Yamaha 100 ya ji daɗi, hayaƙi yana binsa shuɗi. Vespa ta alhazai da malaman Arabiyya ce. Benly da Roadmaster kuwa sai manyan ma'aikata, hedimasta da akawu da irinsu. Daga cikin zaure kana jin ƙarar za ka san shi ne, don silinda biyu ba ta kuka irin na sauran, wani gurnani take yi a hankali. Nawa na sayar da shi lokacin auren 'yata ta fari, har yau in na tuna sai na ji wani abu. A kan hanyar Kaduna allura ba ta taɓa wuce min 110 ba, amma zan yi kusan kilomita 80 ɗin nan in sauka bayana lafiya lau.

Irin su CG suna nan birjik. Tun 1975 Honda ta fito da shi don ƙasashe irin namu, inda ba a cika canza baƙin mai a kan lokaci ba, kamfanonin Sin kuma suka yi ta kwaikwayonsa, shi ya sa kayansa har a ƙauye akwai. Ka sami ɗaya a gwangwan ka yanka yadda ka ga dama, babu mai kuka. Amma Roadmaster mai mitarsa ta asali mai kusurwa huɗu da salansa biyu, nawa suka rage a Zariya? Ɗana, ka gyara shi ya koma yadda mahaifinka yake hawansa.

Sarkin_Totur:
Baba Malam, da girmamawa, ban yarda ba. Shekara tara babur yana ruɓewa kaji suna kashi a kai, babu wanda ya ce tarihi ne. Yau yaro ya ce zai tashe shi, kowa ya zama mai kishin kayan tarihi. In ya mai da shi yadda yake a da, zai hau sau biyu ya ji kamar ya ari na kawunsa, ya sake jingine shi. In ya yi shi yadda ransa ke so, kullum yana kan titi. Wanne ya fi, babur a kan titi da guntun baya ko babur cikakke a ƙarƙashin tabarma?

Kuma mu daina yi kamar iyayenmu ba su taɓa canza komai ba. Su wa suka riƙa sa wa babura geza a hannu, da madubi huɗu, da leda a kan sit?

Malam_Mai_Ritaya:
Geza ana cirewa, ɗana. Ƙarfen da aka yanke fa?

NaGyallesu:
Baba ya gama magana.

Sarkin_Totur:
Bai gama ba, ana walda.

MaiWalda_Muciya:
Tunda an ambaci walda bari mai ita ya yi magana. Ana mayarwa, amma ba ya zama kamar na kamfani, kada a ruɗe ka.

In har za a yanka, to bayan inda shokazoba na baya suka kama ake yankewa, ba a taɓa gabansu. Duk nauyinka a nan yake sauka. Sai a lanƙwasa faif kamar baka a rufe bayan da shi, kuma a zura ɗan guntun ƙarfe a cikin mahaɗar kafin a yi walda, ba a haɗa baki da baki kawai a ɗiga wuta ba. Lanƙwasa faif ba tare da ya tsuke ba yana son na'ura. Ni in aiki irin wannan ya zo min, Panteka nake kaiwa a Kaduna a lanƙwaso min. Kafin a kama da wuta, a sami ƙarti biyu su hau su danna har shokazoba ya nitse ƙarshe, a duba tazarar taya da sabon ƙarfen. In ba ta kai yatsa biyu ba a ɗaga. In ba haka ba, ranar da ka faɗa rami da gudu taya za ta daki ƙarfe ta tsaya cak, kai kuma ka wuce.

Sai tanki. Wannan don Allah kowa ya karanta. Tankin da babu mai a ciki ya fi mai mai haɗari, don tururin ne ke kamawa. Ina yaron shago, wani abokin koyon aikina ya karɓi tanki, mai shi ya rantse ya kwana uku a bushe. Ya shinshina ya ce babu komai. Yana kai wuta muka ji dum, kamar an buga ganga a cikin kunne. Tankin ya buɗe kamar an fasa ƙwarya, murfin muka tsinto a bayan shagon mai faci. Allah ya taƙaita, gira da gashin goshi kawai ya rasa, sai kunne ɗaya da bai ƙara ji sosai da shi ba. Tun ranar, tanki sai na wanke da ruwan zafi da garin sabulu sau da yawa, in cika shi da ruwa har kusa da inda zan taɓa. Mai gaggawa ya kai wani wuri.

Dan_Kwarbai:
Subhanallahi. Na gode Oga. Tsatsar cikin fa, yaya ake yi da ita? Akwai kuma loɓawa a gefen dama, amma wannan ba na son a taɓa. Ni na yi ta ina aji uku, na sace makulli Baba yana barcin rana, na daki turken rumfar mai kayan miya. Bai dake ni ba. Sa ni ya yi na wanke babur ɗin kullum da asuba har wata guda.

MaiWalda_Muciya:
Ka zuba noti-noti da kananzir ka rufe, ka yi ta girgizawa har hannu ya gaji, ka juye, ka maimaita sai abin da ke fitowa ya yi haske. Ka shanya ya bushe sarai. Sannan ka sa 'yar filtar mai a tiyo kafin kabureta. In ka ga ya fara tsattsafo ta ƙasa, to ya huje, ka kawo.

Maman_Hanif:
Loɓawa ba ka son a taɓa, amma baya gaba ɗaya za ka yanke. Ka dai tambayi zuciyarka da kyau.

DanAcaba_Kwangila:
Ni wuni nake a kan mashin, bari in faɗi nawa. Zaman nan na kwanciya a kan tanki, a hoto ne yake da daɗi. Ka shiga cunkoson Kwangila da yamma, tirela a dama, Keke Napep a hagu, kana kama kuloci kana saki, duk nauyinka a kan wuyan hannu, wuya a ɗage kamar ƙadangare. Minti ashirin ka ji kafaɗa ta riƙe. Ga tudun rage gudu ko'ina, ga lungunan birni da kwata a tsakiya. Kuma ka gwada hawa da kaftani mu gani, matakin ƙafa yana baya, gwiwa a lanƙwashe. Babbar riga kam sai dai ka naɗe ta a jaka.

Salansa kuma don Allah kada ka fasa. Akwai wani yaro a layinmu, in ya dawo ƙarfe sha ɗayan dare duk jariran unguwa sai sun farka. Tsine masa ake yi, ban sani ba ko shi ya sani.

Injiniya_Samaru:
Abin da DanAcaba ya faɗa shi ya sa wasu suke barin kafe resa su yi wanda ake kira sikirambula: kai a sama yadda yake, sit a shimfiɗe mai ɗaukar mutum biyu, taya mai gargada. Ya fi dacewa da hanyoyinmu nesa ba kusa ba.

Amma ga wata hanya ta tsakiya. Kada a yanke komai. A kwance sit na asali, kariya, madigadin baya, kwanon sarƙa da kai, a shafa musu mai a ɗaure a buhu a ajiye. A ƙera sabon sit mai tozo wanda zai hau kan ramukan kusoshin da suke nan. A sa kai mai ɗan sauƙowa, ba can ƙasa ba. Madigadi a sayo na wani babur a yanka shi, a bar na Honda lafiya. Ranar da ka gaji, ko Inna ta nuna ba ta so, ko ka yi aure kamar yadda Hajiya ke fata, wuni ɗaya ya isa ka mai da shi yadda yake.

Kuma duk abin da za ka kashe a fenti, ka fara kashe shi a birki da taya. Sabon takalmin birki, sabbin wayoyi, a duba sifok. Kada a cusa ƙatuwar taya a siririn rim don a yi kyau, tana ɓata kwana.

Jikan_Kufena:
Injiniya, na ga irin wannan. Ba ya yin kyau. Ƙarfen baya yana leƙowa ta bayan tozo kamar wutsiyar da aka manta. Ba kafe resa ba, ba Roadmaster ba, gyaran gangar Auzinawa. In za a yi a yi, in za a bari a bari.

Injiniya_Samaru:
Ya danganta da wanda ya ƙera sit ɗin. In an ja tozon baya ya rufe ƙarfen, aka ɓoye batir da wayoyi a cikinsa, sai wanda ya sani ne zai gane.

Baduku_Na_Birni:
In an zo kan sit ina nan. A yi gindin da falankin ƙarfe, ba katako ba, katako yana shan ruwa. Soso mai tauri a ƙasa, mai laushi siriri a sama. Fata ta gaske ta fi kyau kuma tana ƙara kyau in ta tsufa, amma tana son inuwa da mai. In a rana da ruwa zai riƙa kwana, ledar kujerar mota ta fi maka.

Lauyan_Gobe:
Abu ɗaya da ban ga an ambata ba. Lambar shasi da lambar inji kada giranda ko fenti mai kauri su bi ta kansu. Su ne shaidarka. Babur ɗin da aka canza wa kamanni, lamba kuma ta goge, ko ni ne mai duba takardu a hanya zan yi zargin na sata ne. Ka nemo takardun Baba na asali, a yi canjin suna zuwa naka, in ka canza launi a gyara a takarda. Fitilar baya, sigina, madubi da wurin lamba duk su kasance suna nan. A hotunan da kake gani ana cire su ne don ɗaukar hoto. Hular kwano kuma ba sai an faɗa ba.

Bakano_Mai_Kaya:
Duk wannan wahala a kan me? Har yanzu tayina yana nan. In kuma kun dage sai kun yanka, a sayar min da madigadi da kwanon sarƙa da mitar, akwai masu nema.

Malam_Mai_Ritaya:
Kun ji ko? Bakano ba ya taya abin banza. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ke hannunka.

Sarkin_Totur:
Ko kuma ya nuna masa inda zai sami kuɗin fenti.

Dan_Kwarbai:
Salam jama'a, ku yi haƙuri na yi shiru kwana biyu. Na bi abin da OgaSifana ya ce ɗaya bayan ɗaya. Baƙin man ya fito kamar kwalta amma babu garin ƙarfe. Kabureta sai da muka kwana biyu a kanta ni da wani bakanike a unguwarmu, jet ɗin ya toshe sai da siririyar waya. Da na buɗe murfin gefe don in sa batir, na tarar da sifanun Baba a naɗe cikin tsumman atamfa, ɗaure da robar tub, har da fulogi ɗaya sabo a kwalinsa.

Jiya bayan la'asar, a bugu na goma sha wani abu, ya tashi. Hayaƙi ya cika gidan, kaji suka watse. Inna tana ɗaki ta fito da carbi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce komai ba har na kashe. Sai ta ce, "Ba haka yake kuka ba. Ɗaya ne ke yi." Na taɓa salansa, ta dama zafi, ta hagu sanyi ƙalau. Ni da bakanike muna tsaye ba mu lura ba.

Ban gaya mata maganar yankan ba. Na dai auna bayan da tef, na kuma zana sit ɗin a takarda. Giranda tana wajen mai ita.

OgaSifana, me ke hana silinda ɗaya tashi?

Maman_Hanif:
Allah sarki Inna.

Sarkin_Totur:
Ka gaya mata kawai. Wataƙila ma ita ce za ta zaɓa maka launi.

NaGyallesu:
Ko ta zaɓa masa muciya.

OgaSifana:
Inna ta fi bakaniken naka kunne, ka gaya masa in ji ni. Ka musanya fulogin, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu, ka sake tayarwa. In sanyin ya bi fulogi ya koma dama, fulogi ne, ka sa sabon nan na Baba. In bai bi ba, ka duba hular fulogin da wayarta. In duk lafiya, ka cire fulogin hagu ka toshe ramin da babban yatsa wani ya taka kik. In bai ture yatsan da ƙarfi ba, bawul ne ya maƙale a buɗe saboda daɗewa a ajiye, ko ringi ya kwanta. Kada ka yi ta murɗa totur da silinda ɗaya. Ka gwada ka faɗa min abin da ka gani, in ya gagara ka turo shi Sabon Gari ranar Asabar da safe kafin shago ya cika.

Jikan_Kufena:
In za ka je Asabar ka yi min magana, zan zo da nawa. Ka hau ka zaga da shi daga Sabon Gari zuwa Kwarbai ka dawo, da kaftaninka, kafin ka karɓo girandar.